Bokiti Ashirin da Biyu

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Ni dai alhamdu lillahi, da sauƙi. Gwiwar hagu tana nan da halinta: in na zauna ba ta so in tashi, in na tashi ba ta so in zauna. Kunne kuwa kin san labarinsa. Wayar da kika saya mini tana cikin aljihun tebur. In ta yi ƙara ba na ji, in na ji na ɗauka sai in ji kamar daga cikin rijiya ake yi mini magana. Saboda haka ki yi haƙuri da takarda, ita ce kaɗai ba ta gajiya da maimaita mini zance.

Saƙonki na wata ya iso. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki, ƙanwata, da ta bar mini ke. Kin sha ce mini ba sai na kawo miki lissafi ba, amma mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana akawun sito ba ya iya kashe kuɗin wani ya yi shiru. Ga shi nan a bayan takarda, layi-layi. Za ki ga kuɗin ruwa ya yi tsalle. Injin da ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki ne ya ƙone, aka gyara, ga wuta ta ƙara tsada. Mai gida yana can nesa, hayarsa kawai ya sani, hidimar ruwa tamu ce mu 'yan haya. Kamar yadda aka saba, an haɗa kuɗin an raba shida, kowace ƙofa kaso ɗaya: ni da nake ni kaɗai, da Direba, da Malamin makaranta, da Mai shago, da kanikawan nan biyu, sai Maman 'Yan Biyu mai ɗinki, wadda ƙofarta ke kallon tawa, su tara har da surukarta.

Tana gaishe ki. Har yanzu ita ke cika mini duro da safe, ta kwashi wankina, sannan ta leƙo ta taga ta ce, "Baba Akawu, kana nan ko mu fara rabon gado?" Na ce mata in dai tsofaffin fayil take so da kujera mai ƙafa uku, ta zo ta ɗauka tun ina raye. Jiya ta rage mini wanduna biyu, wai na rame. Ba gaskiya ba ne, wandunan ne suka buɗe.

Ki shafa mini kan yara. In kin samu sarari ki rubuto, ko layi biyu ne.

Kawunki.


17 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, yara suna gaishe da kakansu. A tsaye nake rubuta wannan kafin in karɓi aiki, ka yi haƙuri da rubutun. Maganin gwiwa bayan abinci ake sha, ba kafin abinci ba, na san halinka.

Na duba lissafin. Kawu, ruwa kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da nake turowa. Wannan ba zai yiwu ba, ba za a ci gaba a haka ba. Nan ma komai ya yi tsada, kuɗin makarantar yara ya ƙaru, amma dole a san abin yi. Ka ba ni lokaci, zan rubuto.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu sosai.

'Yarka, Auta.


15 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ina nan ƙalau, har na ɗan fi kwanakin baya kuzari, za ki ji dalili.

Takardarki na karanta ta sau huɗu. Layin nan da kika ce ba za a ci gaba a haka ba, na fahimce shi, kuma ban ga laifinki ba. Kina da 'ya'ya uku da hidimar gida, ga wani tsoho a gefe. Kin yi mini kara ba ki faɗa kai tsaye ba, amma mai hankali ba ya jira sai an ce masa ya matsa. Na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga ai ba abincina ne ya yi miki nauyi ba, ruwan wasu ne. Me zai sa gumin 'yar ƙanwata ya riƙa yi wa mutum tara wanka?

Sai na ɗauko wani sabon littafi da rula. Kin san famfonmu ɗaya ne a tsakar gida, kuma tagata tana kallonsa. Na ja layi shida, ƙofa shida, na zauna tun hantsi bai fito ba har a rufe tanki da yamma, kwana goma sha huɗu. A sito dokarmu ɗaya ce: wanda ya ɗauki kaya shi ake rubutawa, ba ruwan akawu da inda za a kai su. Da wannan doka na yi aiki shekara talatin da ɗaya, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Duk wanda ya tara bokiti, na ɗiga masa alama a layin ƙofarsa. Bokiti biyun da Maman 'Yan Biyu ke zuba mini a duro kuwa, da yake da idona nake ganin sun shigo ƙofata, na cire su daga layinta na sa a nawa, don kada a ce na ci haƙƙin wani.

Ga abin da ya fito, a kowace rana: ni biyu, kanikawa huɗu, Direba biyar, Malam bakwai, Mai shago takwas, Maman 'Yan Biyu ashirin da biyu. Jimla arba'in da takwas. In an raba shida, kowa yana biyan kuɗin bokiti takwas ke nan. Ni mai biyu ina biyan na takwas, mai ashirin da biyu ita ma na takwas.

Ranar Lahadi da la'asar na tara mutanen gida. Na sa rigata ta zuwa ofis, na tsaya na karanta musu, muryata ko rawa ba ta yi ba. Na kawo shawara uku: a biya gwargwadon bokiti, a sa wa famfo kwaɗo a riƙa buɗewa safe da yamma don a daina ɓarna, a ajiye littafi. Direba ya ce ashe akwai alƙali a gidan nan aka bar shi yana gyangyaɗi a taga. Malam ya duba lissafin sau biyu ya ce ba kuskure. Mai shago, da yake nasa bai ƙaru ba bai ragu ba, ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Maigadi, mijin Maman 'Yan Biyu, ya ce albashinsa ba zai ɗauka ba, a duba masa. Direba ya amsa masa da cewa wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, aka yi dariya.

Ita kam abu ɗaya ta tambaye ni, daga bakin ƙofarta.

"Baba Akawu, duk bokitin da na ɗauka ka rubuta?"

Na ce, "Duka, ban bar ko ɗaya ba."

Ta dubi mazan da ke zaune, ta dube ni, kamar za ta ƙara magana. Sai ta ce, "To, shi ke nan," ta shige ɗaki.

An ɗaga hannu, ƙofa biyar da ɗaya. An ba ni makulli da littafi. Daga wannan wata, abin da zan biya kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da nake biya a da. Na san ba ta ji daɗi ba, amma gaskiya ɗaci gare ta, kwana biyu za ta huce. Ki kwantar da hankalinki, kawunki bai zama kayan nauyi ba tukuna.

Kawunki.


2 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mako bakwai ke nan da na rubuto miki, ban ga rubutunki ba. Sau uku ina aika Mai shago ya duba mini akwatin gidan waya, har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. In fushi kike yi ki faɗa, in kuma aiki ne, Allah ya taimaka.

Kada ki firgita da abin da zan faɗa. Na faɗi a banɗaki kwana takwas da suka wuce. Wuyan hannun hagu ne ya tsage, an ɗaure, dama tana nan lafiya, ga shi da ita nake rubutu. Ƙugu ma ya bugu amma ba karaya.

Bari in faro miki daga farko. Makon farko tsari ya tafi kamar agogo, ruwan tanki har kwana biyu yake kaiwa. Mako na biyu Direba ya sayo wani bokiti da za a iya yi wa ɗan maraƙi wanka a ciki, ya ce bokiti ai bokiti ne. Muka yi yini guda ana gardama, daga baya na ɗauko bokitina na awo na ce shi ne ma'auni. Kanikawa suka koma wanka a gareji. Matar Malam ta fara tara ruwan wanke-wanke tana wa tsakar gida yayyafi, ƙuda suka samu gida. Yaran gidan sun daina ce mini Baba Akawu, yanzu Baba Mita nake. In na fito da makulli sai kowa ya yi layi ba mai magana, kamar masu jiran allura.

Abin da ban hango ba shi ne banɗaki da kwata. Mu duka muke amfani da su, amma tunda kowane bokiti yana hawa kan wanda ya ɗauka, ba wanda yake so ya zuba nasa a wurin kowa da kowa. Ban taɓa tambayar wanda ke wanke su a da ba, kullum dai a wanke nake samunsu. Gansakuka ta fito, siminti ya yi santsi. Da safe na shiga, ƙafa ta tafi, sai gani na a ƙasa. Na yi ta kira, ban san tsawon lokacin ba. Maigadi ne ya dawo daga aiki ya ɓalle ƙofa, ya ɗauko ni kamar jariri. Matarsa ta ɗora ruwa a wuta ta gasa mini ƙugu kafin a samo mota. Ina kwance ina nishi, ta ce, "Kada ka damu da littafi, wannan ruwan na ɗazu ne, ka riga ka rubuta shi." Ba ta ɗaga murya ba. Na fi so a ce ta zage ni.

Duk tsawon makonnin nan ba ta fasa cika mini duro ba, ba ta fasa karɓar wankina ba. Leƙen taga ne dai ta daina, da zancen rabon gado. Wata biyu suka biya sabon kaso, kusan ninki uku. Wata na biyu sai da ta kai zannuwanta biyu kasuwa, matar Malam ce ta gaya mini.

Shekaranjiya Maman 'Yan Biyu ta shigo ta kawo mini abinci, ta tsaya ba ta zauna ba. Ta ce sun samu ɗaki ɗaya da rumfa can kusa da inda mijinta ke gadi, akwai rijiya ta guga, ba kuɗin ruwa. Ranar goma ga wata za su tashi. Na ce mutum tara a ɗaki ɗaya? Ta ce kwana ne kawai, da rana kowa waje yake. Na so in ce wani abu, sai na ji kaina ina ce mata akwai ragowar bokiti goma na wannan wata da za a lissafa kafin su tafi. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, Auta. Baki ne ya saba.

Lissafin wata biyu yana baya. Za ki ga an samu rara mai kyau.

Kawunki.


19 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yaya hannu, yaya ƙugu? Don Allah kada ka cire ɗaurin sai likita ya ce, kuma kada ka ɗauki komai da shi.

Jiya takardunka biyu suka zo hannuna a tare. An canja mini wurin aiki tun farkon Maris, suna can tsohon asibiti a cikin aljihun tebur, sai da wata abokiyar aikina ta biyo ta nan. Na karanta su a ɗakin canja kaya, na kasa fita sai da aka zo nemana.

Kawu, ba haka nake nufi ba. Da na ce ba za a ci gaba a haka ba, nufina abin da ke rage maka na abinci ba zai ishe ka ba. Shi ya sa na nemi wannan canjin, nan ana biyan kuɗin ƙarin aiki. Na yi shiru ne don ina so in rubuto da kuɗin a hannu, ba da alkawari ba. Laifina ne, layi ɗaya ya isa in yi bayani, na yi gaggawa. Yaushe ka zama mini nauyi? Wa ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da Baba ya rasu?

Akwai abin da Maman 'Yan Biyu ta roƙe ni kada in gaya maka, amma yanzu dole. Bara da na zo, bayan likita ya yi maka bayanin larurar nan da ke sa a sauya zanen gado kullum, na ja ta gefe na ce zan riƙa biyan ta kuɗin wanki. Ta ƙi. Ta ce tana haɗa zannuwanka da na 'yan biyu ta shanya a igiya ɗaya, don duk wanda ya gani ya ɗauka na yara ne. Ta ce mutumin da ke goge takalminsa don zuwa sayen burodi bai kamata mutanen gida su san wannan ba.

Kawu, ruwan da ake wanke zannuwan nan, a layin wa ka rubuta shi? Kuma me kake so ta faɗa a gaban Direba da kanikawa?

Ka yi mini afuwa in na yi tsauri. Kuɗin wannan wata ya ƙaru da rabi. In ba su riga sun tashi ba, ka biya musu bambancin, ni zan ɗauka. In sun tashi, ka haɗa kayanka ka taho wurinmu, mun gyara maka ɗakin baƙi, maigidana ne ma ya fara faɗa. Adireshin nan na sama shi ne sabo.

'Yarka, Auta.


21 ga Yuni

'Yata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da godiya ga maigidanki, Allah ya saka masa da alheri. An kwance hannu, yana motsi, sai dai ba ƙarfi. Na daɗe ban amsa ba. Ba fushi ba ne, kunya ce. Ba ki yi tsauri ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to wannan karon babba ne a gindin famfo da biro a hannu bai ga komai ba.

Takardarki ta zo sun riga sun tashi. Ranar da na karanta ta na kira matar Malam, na buɗe littafin farko, na ce ta gaya mini inda bokiti ashirin da biyun nan suke zuwa. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta faɗa. Huɗu na banɗaki da kwata ne, safe da yamma. Uku na zannuwana da tufafina, wanki ɗaya ɗauraya biyu. Ɗaya shi ne wanda ake ɗumama mini na wanka, wanda nake tararwa a bakin ƙofa ban taɓa tunanin daga famfo yake fitowa ba. Saura goma sha huɗu, na mutum tara, kowa bai kai bokiti biyu ba. Ni kuwa biyu da huɗu, shida, ga rabona na banɗaki. Kusan bakwai ke nan, ina biyan na takwas. A kan bokiti ɗaya na tara jama'a na sa rigar ofis. Duk gidan ba wanda ya kai ni shan ruwa.

Na tambayi matar Malam ko mutanen gida sun san da haka ranar taro. Ta ce zancen zannuwa ita kaɗai ta gane, amma na banɗaki kowa ya sani. Sun yi shiru ne don lissafina ya yi musu daɗi.

Na sake kiran taro na ce akwai kuskure, a koma rabon da. Direba ya ce, "Haba Baba, kai ka kawo mana adalci, yanzu kuma ka ce a mayar da zalunci?" Malam dai ya ga gaskiya, ya kawo gyara: a buɗe layi na bakwai na ruwan kowa da kowa, a raba kuɗinsa daidai, a riƙa wanke banɗaki bi da bi. An yarda. Gyara ne mai kyau, da shi na fara da ba a kai nan ba. Na miƙa wa Malam littafi da makulli. Ɗakin Maman 'Yan Biyu wani mai gyaran waya ya kama, ba ya yini a gida, ban ma san muryarsa ba.

Zannuwa na kai wa mai wanki na bakin titi. Sau biyu ya karɓa, na uku ya ce shi riguna yake wankewa. Yanzu ni ke yi, a cikin ɗaki, da rabin bokiti, in shanya a bayan kujera. Ba sa fita sosai. Na faɗa miki ne don ke ma'aikaciyar jinya ce, ba don ki damu ba.

Ranar biyu ga wata na ɗauki motar haya na je wurin su Maman 'Yan Biyu. Na lissafa abin da suka biya a kaina wata biyu, na ƙara kuɗin zannuwanta da ta sayar, na sa a ambulan. Gidan yana bayan wata masana'anta, hanyar duk kwatami. Na same ta a rumfa tana kan keken ɗinki, surukarta a kwance a gefe, katifu a jingine da bango don ba wurin shimfiɗa su da rana. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta kawo ruwa, ta tambayi hannu, ta tambaye ki. Ta sa 'yan biyu suka durƙusa suka gaishe ni. Komai da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

Na yi mata bayani kamar mai karanta rahoto, huɗu na nan, uku na can. Ta bar ni na gama. Na miƙa ambulan, ta ƙi ko taɓawa.

Ta ce, "Baba, in na karɓa, ya zama dā ma sayar maka nake yi."

Na ce to su dawo, akwai ɗakin kanikawa da za su saki ƙarshen wata, ke kin ce za ki ɗauki bambancin. Ta ce sun biya hayar shekara a nan, da rancen da mijinta ya ci a wurin aiki. Ta warware wani zare daga allura. Sannan ta ce kuɗin ya yi musu nauyi, gaskiya ne, amma da kuɗin ne kaɗai da sun lallaɓa.

"Abin da na kasa shi ne kullum safe in tara bokiti, in ɗaga kai, in gan ka da biro. Shekara shida nake ɗaga kai wurin tagar nan don in ga ko ka tashi lafiya."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun kafin su ɗaure kaya, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na yarda da gaske take, amma yafiya daban, zama daban.

Da na miƙe zan tafi, idonta ya sauka a wuyan rigata. Na san yadda yake, hannu ɗaya ba ya cuɗa wuyan riga. Na ga hannunta ya taso, ya kai rabi, ya koma. Ta raka ni har bakin hanya, ta tsayar mini da mota, ta ja wa direban kunne ya sauke ni a ƙofar gida ba a titi ba. Ta taga ta ce in ɗinki ya yi sauƙi za ta leƙo wata rana.

Ambulan ɗin yana nan, ki gaya mini yadda zan yi da shi. Ƙarin da kika yi kuma ki mayar wa kuɗin makarantar yara, ni yanzu ba abin da nake saye.

Maganar tahowa wurinku, na gode, kuma ban ce a'a ba. Na san hannu ɗaya da gwiwa ɗaya ba za su kai ni nesa ba. Amma ki ɗan ba ni lokaci. Tafiyar mota ce mai nisa tsakaninmu da su Maman 'Yan Biyu, in ta kashe kuɗinta ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa, za ta ce ko jira ban yi ba. Da safe ina jawo kujera bakin taga, ba biro, ba littafi. Yau kwana goma sha tara. Ban rubuta a ko'ina ba, Auta, amma na kasa daina ƙirgawa.

Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a.

Kawunki.